Gyaran da Ya Ci Armiya'u

Armiya'u ɗan Moriki ne, kuma tun yana saurayi ba abin da ya sani sai man shanu. Matan Fulani ke kawo masa, ya soya, ya ɗura a kwalabe ya kai kasuwar Kaura. Da 'yan bindiga suka addabi hanya, baƙin masu saye suka ɗauke ƙafa, sai ya buɗe shago a wata babbar manhajar ciniki ta waya. Abin ya karɓe shi, har daga Legas ake nemansa. Iyatu, tsohuwar da ta gudo gari da jikokinta da 'yan shanun da suka rage, shi take kawo wa mai, a wurinsa take samun na tuwo.

Ashe masu manhajar sun sa masa ido. Ba a jima ba suka fito da nasu man, suka kafa shi a saman shafi. Na Armiya'u kuwa sai yatsa ya gaji kafin a gan shi. Duk da haka masu saye ba su bar shi ba.

To, bawan Allahn nan bai taɓa sallamar mai ciniki babu gyara ba, haka ya ga ubansa na yi. Kowace kwalba sai ya haɗa ta da 'yar ƙaramar roba, kyauta. Da wannan suka kama shi. Wai nauyin kaya ya saɓa wa abin da ya rubuta, wai yaudara ce! Suka rufe shagon. Ya kira, na'ura ce ke amsawa.

Ya tafi wurin Sarkin Kasuwa, idonsa jajur.

"Ranka shi daɗe, mi na yi? Ƙari na yi, ban rage ba."

"Armiya'u, wagga kasuwa ba tawa ta ba. Su ad da hili, su ad da rumfa, su a alƙalai. Wa za ka kai ma ƙara?"

Rashin imanin bai tsaya nan ba. Wakilin kamfanin manhajar ya zo Kaura da mota, yana sayen mai kai tsaye daga hannun matan, a wulaƙance. Armiya'u kuwa tun da aka rufe shagon ba shi da kuɗin biyansu nan take. Ranar kasuwa Iyatu ta zo wucewa ta gaban rumfar Armiya'u, ƙwarya a ka.

"Inna, ba ki tsayawa?"

"Ɗana, jikokina ba su ci komi ba tun jiya."

Ba ta waiwayo ba. Yana kallo ta durƙusa gaban wakilin. Wakilin kuwa ya tsoma yatsa ya lasa, ya yatsina fuska, ya ce sai ta ƙara ragi.