Huefa Ta Goya Plako

Shekara ashirin da bakwai Huefa ta yi tana dakon bulo da yashi a gine-ginen unguwar Akpakpa, har gashin tsakar kanta ya ƙare, wuyan kuwa ko gezau. Miji ɗaya ta binne, ɗaya ta kora. Rabin benayen unguwar a kanta suka hau sama, amma ba mai gidan da ya taɓa ce mata shigo ki sha ruwa.

Ranar da mota ta sauke plako, fararen allunan nan da ake raba ɗaki da su, sai Dosu shugaban leburori ya zo yana hura hanci, ya kira ta Tanti, wato inna.

"Tanti, wannan ba bulo ba ne, kayan Turawa ne. Daga gobe ke da matan da kuke dako tare ku zauna a gida."

Huefa ta sauke gammonta. Ta san in aka sallame ta a nan, babu ginin da zai sake ɗaukar mai furfura. Ta samu inuwa, ta kwance ƙullin akasanta, tuwon masara a ganye, tana ci.

Hawa na uku za a kai allunan, matakalar kuwa matsattsiya ce, ga kwana. Ƙarti huɗu suka cusa na farko, ya karye kamar biskit. Suka zuro igiya ta baranda suka ɗaure na biyu, igiyar ta ci gefensa, farin gari yana zuba. Na uku ma haka.

"Ku ci gaba, Fofo," in ji Huefa, tana kiran Dosu yaya cikin gatse. "Saura kaɗan mu samu na tuwo."

"Bakin ke nan! In kin isa, taso," in ji Dosu.

Ta taso. Ta kwance zanenta na sama, ta ce wa matan su ba da nasu. Ta tallafo allon da zannuwan ta ƙasa kamar mai goyo, ta ƙulle bakinsu a igiya. Zane yana da faɗi, ba ya cizo.

"To, ku hau ku ja."

Ba wanda ya motsa. Kowane ƙato a cikinsu da gurunsa a ƙugu, kuma kowa ya san zanen da mace ta ɗaura, in ya taɓa guru, maganin ya karye.

Huefa ta ce, "Au, haka ne? Ƙarfin naku ashe a tsumma yake mutuwa? Ku matsa min!"

Mata uku suka hau, biyu suna ƙasa suna tokare allon da gora kada ya bugi bango. Kafin la'asar talatin da biyu sun shige, ko ɗaya bai ɓantare ba.

Dosu ya zo yana sosa ƙeya. "Tanti... gobe mota za ta kawo sauran."

Huefa ta kakkaɓe zanenta daf da shi. Ya yi tsalle baya, sai ga shi zaune cikin yashi.

"Ƙarfe bakwai," ta ce. "Kuma ka share mana barandar kafin mu zo."