Tsiron da aka kawo wa Malam Ɗalha

Shekara talatin da 'yan kai Malam Ɗalha ya yi yana ɗinkin babbar riga a Ƙofar Wambai. Da ido ya fara gazawa sai ya ajiye allura, ya koma gidansa na Mandawari, ya cika saman soro da tsirrai masu kaurin ganye, irin waɗanda ba su damu da ruwa ba. Ga kabar giwa a gwangwanin fenti, ga tinya da karan masallaci a fasassun tukwane. Duk wanda ya tsinci tsiron da bai sani ba, wurinsa yake kaiwa. Ya shafa, ya sansana, ya faɗi sunansa.

Wata Talata bayan azahar, wata tsohuwa ta yi sallama a zaure, riƙe da 'yar tukunya.

"Ɗan Laraba, ga naka," in ji ta.

Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya ƙara kiransa da wannan suna. Ya sunkuya ya duba tsiron, kafin ya ɗago kai babu ita a zauren, babu ita a lungu.

Ganyen kauri gare shi kamar yatsa, launinsa toka-toka, ga sanyi ko da rana ta take. Bai taɓa ganin irinsa ba. 'Yarsa Rukayya ta ɗauki hoto ta bincika a waya, aka yi ta nuno mata waɗansu daban. Masu magani a kasuwa ma kai suka kaɗa.

Abin da ya fi damunsa shi ne, tsiron ba ya bin rana. Ko ina ya juya tukunyar, kwana biyu sai ya tarar ya karkata wajen Ƙofar Ruwa, unguwar da aka haife shi.

Ranar wata Asabar da hantsi ya tafi can. Yana cikin zaga lungunan ƙuruciyarsa sai ya hango wani kango, bango ya zube, ga tsiron nan jere a gindin katanga, ya fi ɗari. Wasu shar, wasu sun bushe ƙurmus.

Wani dattijo mai suna Sabo, da ke zaune a ƙofar gidan da ke kusa, ya ce, "Gidan Dije ungozoma ne. Duk jaririn da ta karɓa, sai ta dasa masa guda. Mu dai ba ma taɓawa."

"Tana ina yanzu?"

"Wa? Dije? Ai ta yi shekara talatin a ƙasa."

Malam Ɗalha ya matsa. A tsakiyar jerin ya ga ɗan rami, daidai faɗin tukunyarsa, ƙasar wurin ba ta gama bushewa ba. Bai tambayi Sabo na su wane ne busassun ba. Ya yi salati, ya juya gida.

Har yau yana faɗa wa mutane sunayen tsirransu, yana raba musu reshe kyauta. Wannan guda ne kawai ba ya bayarwa. Bara ganyensa na ƙasa ya fara yanƙwanewa. Ya daɗe tsugunne yana kallo, sannan ya kira Rukayya ya nuna mata, cikin tsirransa, wanda ake ba ruwa duk mako da wanda ake bari sai wata.