Kore, Shuɗi da Farar Riga

Matso kusa ka zauna, yau labarin Baba Ƙofa zan ba ka.

Shekara talatin ya yi yana gadin wata makaranta, har sunansa na yanka ya ɓace. Kujerar ƙarfe gare shi, da usur a wuya, da makullai a ɗamara. Abin da ba wanda ya sani, in ban da matarsa, shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Fuska ta daina fita, sai launi.

To, da launin yake aiki. Kore, 'yan ƙananan aji. Shuɗi, manya. Farar riga, malami. Duk wanda ba ya cikin ukun nan baƙo ne, sai a tare shi a tambaya. Shekara huɗu yana haka, ko akuya ba ta shige masa ba.

Sai aka dawo hutu da sabuwar doka. Ɗalibai duka su koma ruwan toka, malamai kuma kowa ya sa abin da ya ga dama. Malamai har da tafi. Baba Ƙofa ya koma gida ya kasa cin abinci.

"Malam, ka faɗa musu gaskiya mana," in ji matarsa. "Rana ba ta ƙarya."

"In ce musu me? Mai gadinku ba ya gani?"

"Ni dai jiya ka gaida turmi, ka ce masa sannu da aiki."

"Ai ya fi ki amsawa da ladabi."

Ta yi dariya, sannan ta juya ta goge ido da gefen zani.

Ruwan tokar nan kuwa kalarsa ɗaya da katangar makaranta. Yara suka zama kamar hayaƙi. Sai ya koma ga kunne: kowa ya doso, shi zai riga gaisarwa, in an amsa ya gane murya. Mako uku dabarar tana ci.

Ran nan da safe wata mata ta nufo ƙofa cikin atamfa mai furanni. Ya gaishe ta, ta ɗaga hannu kawai, don mura ta shaƙe mata murya. Ya miƙe ya tare hanya.

"Baiwar Allah, wa kike nema? Iyaye ba sa shiga sai an tashi."

Shugabar makarantar ce. Ita ma ta ƙofar nan ta shiga tana 'yar mitsitsiya cikin kore, shi yake ɗaure mata igiyar takalmi. Ta ɗauka wasa ne, ta fara murmushi. Sai ta lura idonsa ba a kanta yake ba, yana can gefen kafaɗarta.

"Baba," ta ce da dusasshiyar murya, "ni ce."

A ofis ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ta ba shi kujera, ta zuba masa ruwa, ta yi alkawarin za ta kai shi asibiti.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun kafin a yi wa katanga fenti."

Ta ce, "'Ya'yan mutane ne a hannunmu."

"Na sani, 'yata. Da ni ne ke, haka zan ce."

Ya kwance makullan da kansa. Usur ɗin ta ce ya riƙe.

Likita ya duba ya ce ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan sai abin da Allah ya yi. Yanzu kullum da safe yana zaune a ƙofar gidansa, hayaƙin nan yana wucewa. Tsofaffin kayan makarantar kuwa sun zama tsumma a gidaje. Shekaranjiya maƙwabciya ta shanya wani kore a igiya, iska tana kaɗa shi. Baba Ƙofa ya miƙe tsaye.

"Yi sauri, 'yar nan, an kusa buga ƙararrawa."

Matarsa tana tsaye a bayansa da kofin shayi. Kai da kake saurarona, da kai ne ita, za ka gaya masa?