Tocilar Baba a Kasuwar Shanu

Jiya likita ya haska idon 'yata da ƙaramar tocila, sai na tuna Baba, tsohon nas na zangonmu a Bawku. Tocilarsa ba ta barin aljihunsa ko da tsakar rana. Yakan ce, "Baki yana ƙarya, ƙwayar ido ba ta yi."

Ranar da faɗa ya kaure a kasuwar shanu, aka rotsa wa yayana kai da gora. Ga jini, ga ihu, ga warin kashin shanu. Ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a ba shi sanda ya rama. Na miƙa masa tawa. Baba ya ɗauke ni da marin da har yau kunnena bai manta ba.

"Kai jaki ne? Zaunar da shi!"

Ya ce wa yayana, "Bi yatsana da ido. Fito da harshe." Sannan ya haska. Ƙwayar dama ta tsuke, ta hagu ta tsaya a buɗe kamar ta yankakken rago.

"Jini na taruwa cikin kansa. Asibiti, yanzu!"

Sai da aka kai shi Tamale aka yi masa aiki. Yau yayana har da jikoki.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Marin nan kuwa na gode.