Masaukin da Auta Ya Kama Mana a Girka

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, wannan lamari ba zai fita daga raina ba. Da wata ƙara ƙarama ya fara. Ina tsakar gidanmu a unguwar Federal Low-Cost a Gombe da hantsi ina tsince shinkafa, sai wayata da na ajiye a cikin farantin silba ta hau girgiza, kar-kar-kar, kamar ƙwaro ya faɗa ciki.

Saƙon murya ne daga ƙanena, autanmu. Ni na raine shi tun yana shekara biyar da mahaifiyarmu ta rasu. Karatu ya fitar da shi ƙasar waje, ƙarshe ya zama mai dafa abinci a wani gidan abinci a bakin teku, a wani tsibiri na ƙasar Girka da har yau harshena bai daidaita da sunansa ba. A can ya auri 'yar garin, suka haifi mace, ya sa mata sunan mahaifiyarmu. Ya ce, "Adda, ku shirya, ke da Malam da 'yar autarki. Hutun sati biyu za ku zo, ki ga takwarar Inna da idonki."

Kafin azahar babu wanda bai ji ba a layinmu. Ba ni na yaɗa ba, mutum uku kawai na faɗa wa.

Maigidana tsohon malamin labarin ƙasa ne, ya yi ritaya, ba abin da yake yi sai karatun jarida da gyara wa masu labarai magana. Ranar ya zaro tsohon littafin taswira, ya kakkaɓe, ya zama ɗan jagora. Kullum bayan la'asar sai ya zaunar da mu, ni da 'yata mai shekara takwas, ya tsara mana wuraren da za mu ziyarta. Ya nuna mana hoton wasu ginshiƙan dutse tsaye, babu rufi, babu ƙofa. Na ce masa wannan ai kango ne, kuma in kango yake so ga su nan birjik a unguwar Malam Inna, keke ɗaya zai kai shi. Ya ce ban san tarihi ba. Ya buɗe shafin gumaka, na ga ƙattin maza na dutse tsaye ba ko ɗan kamfai, na rufe wa yarinya ido, na ce a soke wannan. Bakin teku ma da na ga yadda mutane ke kwance a rana kamar an shanya kuɓewa, na ce za mu je, amma da asuba, kafin masu tsiraici su tashi. Da ya ce akwai garin da jaki ake hawa a kai saman tudu, dariya na yi har da hawaye. A ce mutum ya hau jirgin sama biyu da jirgin ruwa don ya je ya hau jaki.

Abinci ya fi ba ni tsoro. Auta ya turo hoton wata halittar teku mai hannuwa takwas, an rataye ta a igiya kamar wanki, wai gasawa ake yi. Na yi a'uziyya. Amma don kada in je in kunyata shi gaban surukai, na ce bari in fara koyon abin da zan iya. Ya ce suna gurza kokwamba a cikin kindirmo, su sa tafarnuwa da gishiri da man zaitun. Na gwada. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta tarar da ni ina daka tafarnuwa ina zubawa a kindirmonta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni a hankali ko wani ne ba lafiya a gidan. Malam ya ɗanɗana ya ce da daɗi, amma na ga yadda ya kora da ruwa kofi biyu. Daga nan na koma ga abin da na sani: dambun nama, yaji, kuka, daddawa, har akwatina ya fara warin kasuwa.

Ana cikin haka Auta ya turo hoton masauki. Farin ɗaki fes, ƙofa shuɗiya, taga tana kallon teku. Na ce ma sha Allah, gidanka ne wannan? Ya ce a'a, otal ne ƙarami a bakin ruwa, matarsa ce ta zaɓa mana.

Sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Ku da kuka san mu, kun san abin da nake nufi. A wurinmu baƙo na jini ba ya kwana a otal. Ko ɗaki ɗaya gare ka, sai ka kori yara falo, kai ka kwana a tabarma. Ni da na goya yaron nan, na wanke masa kashi, na kwana zaune ranar da ƙyanda ta kama shi, yau ni ce za a kai otal kamar 'yar kwangila? Nan take na yanke hukunci, ba shaida ba alƙali: matar nan ba ta son dangin miji, kuma ta shanye shi da man zaitun.

Na ce na fasa. Malam ya yi lallashi, ya yi wa'azi, ya tuna min ranar zuwa Abuja neman biza ta matso, kuma in ta wuce shi ke nan sai wata shekara. Na ce ya ɗauki taswirarsa ya tafi. Auta ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na kife wayar. Kusan sati uku muna haka. Ina sallah, ina azumin Litinin da Alhamis, ina gaba da marayan da na raina, kuma a lokacin ban ga wani saɓani a ciki ba. A ƙarshe ya turo saƙo gajere, ya ce in ba na son ganinsa ba komai, ba zai ƙara damuna ba. Na san halinsa. Irin zuciyar mahaifinmu gare shi, in ya rufe ƙofa ya rufe.

Saura kwana biyu tafiya Abuja, da rana ina kwaɓa fulawa, kiran bidiyo ya shigo daga wata baƙuwar lamba. 'Yata ta danna kafin in hana ta. Sai ga matar Auta, jaririya a kafaɗa, ta yafa wani ɗan gyale da ya ƙi zama a kanta. Turancinta kamar nawa yake, na makaranta, don haka muka fahimci juna sarai.

Ta ce mijinta bai san ta kira ba, tana so ne kawai ta nuna min gida. Ta juya wayar. Matakala ce ta dutse, ta hau, ta hau, tana haki, har na fara jin ciwon a gwiwata. A sama ciki ɗaya ne da ɗan falo, gadon jaririya ya cinye rabi. A ƙasa mahaifiyarta ce, da wani ƙaton kare kwance a kan kujera kamar shi ne mai gidan. Ta ce Auta ya gaya mata gwiwata na ciwo, kuma ba zan yi sallah inda kare ke yawo ba. Ya ji kunyar faɗa min ƙanƙantar gidansa ne, tunda ya san na cika Gombe da labarin yana cikin daula.

Daga nan ta gangara da ni har otal ɗin. Ta ce ɗakuna da yawa ta duba, tana riƙe da waya tana neman alƙibla, sai da ta sami wanda za a shimfiɗa sallaya ba a fuskanci banɗaki ba. Ta roƙi mai wurin ya ware mana tukwanen da ba su taɓa naman alade ba. Sannan ta shiga banɗakin ta ɗauko wani abu ta ɗaga, fuskarta cike da damuwa.

"Adda, ya ce sai da buta. Na zaga duk tsibirin, wannan kawai na samu. Za ta yi?"

Butar ban ruwan furanni ce, koriya, mai dogon baki kamar na zalɓe, da hoton kwaɗo a jiki.

Na buɗe baki in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Na ce za ta yi, 'yata, wallahi za ta yi. Hannuna duk ƙullu, na shafe fuska da shi ban sani ba. Da ta kashe, ni na kira Auta da kaina. Sai a kira na uku ya ɗauka, ya tambaye ni ko na sa masa daddawa.

Mun je. Na hau jakin, na ga kangon, na ɗanɗani mai hannuwa takwas sau ɗaya don Allah ya ga na yi ƙoƙari. Abin da na koya shi ne, na iya karramawa iri ɗaya tak, irin ta gidanmu, sai na ɗauka duk wanda bai yi ta haka ba wulaƙanci ya nufa. Na kusa rasa ɗan'uwa saboda an girmama ni da salon da ban saba ba.

Amma darasin da ya fi zauna min ba a Girka na ji shi ba. A ranar kiran ne, bayan la'asar. Na idar da sallah ina addu'a a bayyane kamar yadda na saba, ina jero mutanena ɗaya bayan ɗaya. 'Yata na zaune a gefen sallaya tana jira in shafa. Da na shafa, ta ce:

"Mama, kullum kina yi wa Kawu addu'a, da jaririyarsa, amma matarsa ba ki taɓa faɗin sunanta ba. In ba ki iya ba ne, ni na iya. Zo in koya miki."