Manhajar da Ta Yi Shiru a Wayar Ummata

Ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin fasaha a Nassarawa GRA, wani tsohon gida da aka mayar ofis. Ni kaɗai ce mace cikin masu rubuta manhaja. Abin da na ƙware a kai shi ne wani tsohon tsari na gina shafukan intanet, wanda za ka rubuta aiki sau ɗaya ka naɗe shi ya zama manhaja, ta hau kowace irin waya. Da shi nake taƙama.

Wani asibitin kuɗi ya nemi manhajar da za ta riƙa tuna wa masu hawan jini lokacin shan magani, aka ba ni aikin. Abokin aikina, wani mutumin Zariya, ya ja ni gefe ya ce masu wannan tsari sun daina gyara shi, sababbin wayoyi za su iya ƙin sa, gara mu koyi na yanzu. Na ce masa babu lokaci. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in koma 'yar koyo a gaban maza.

Manhaja ta fita, aka yaba. Har Ummata da ke unguwar Gawuna na saka wa, don a asibitin take karɓar magani. Na gaya mata likita ne ke tsara lokutan daga can, ita dai ta bi ƙararrawa. Da Sallah ta zo na saya mata sabuwar waya, na mayar mata da komai a ciki.

Sai ƙorafi ya fara zuwa, wai wayar wasu ba ta ƙara. In gwada a tsohuwar wayata in ji tana yi, in ce laifin masu wayar ne. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. In zauna in tashi, in fita ƙarƙashin darbejiyar ofis in dawo, abinci ma ba ya shiga. Duk da haka ban taɓa tambayar Umma ba.

Wata Talata da hantsi ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce Umma ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. A asibiti likita ya tambayi Umma rabonta da magani. Da ƙyar ta ce tunda wayar ta yi shiru, ta ɗauka shi ne ya tsayar mata. Ina tsaye a bakin gadon ina ji.

Washegari na faɗa wa maigidanmu na ofis komai. Muka bi marasa lafiyan ɗaya bayan ɗaya a waya, ni da mutumin Zariyan muka sake gina manhajar daga tushe, yana koya mini, bai taɓa yi mini gori ba. Umma ta tashi, amma hannunta na hagu bai koma daidai ba. Cewa take ƙaddara ce, ni kuwa na san inda sakacina yake.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, kada sabo da kayan aiki ya rufe muku ido. In an ce tsarin da kuka iya ya tsufa, ku sunkuyar da kai ku koyi sabo, ku gwada aikinku a wayoyin da mutane ke riƙe da su yau. Duk wanda ya dogara da manhajarku uwar wani ce ko uban wani. Har yau ni nake ɗaura wa Umma ɗankwali duk ranar da na je gida.