Almakashin Anti Tela

Duk wanda ya san Ƙungiyar Hannu Da Yawa ya san almakashin Anti Tela, ko da bai san mai shi ba. Shi ne dogon nan mai baƙin mariƙi da ke fitowa a hotunan ƙungiyar: ranar buɗe famfon kasuwa, ranar buɗe ajin da aka yi wa sabon rufi, kai har ranar buɗe kwandon shara. Almakashin yana tsakiyar hoto a hannun Ciyaman. Mai shi kuwa, in ka dace, ka hango gefen mayafinta a ƙarshen layi.

Shagonta ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu da benci ɗaya, sai guntayen ƙyalle da suka cika ƙarƙashin tebur. Tana cikin ƙungiyar tun ana taro a rumfar wani kanti, kafin a samu ofis da kujera mai juyawa. Ita ke ɗinka rigunan 'yan ƙungiya kyauta, ita ta ɗinka labulen ɗakin haihuwa na asibitin unguwa, ranar yashe kwata kuma ita ke fara zuwa da shebur na aro. Kuma a faɗi gaskiya, ƙungiyar tana aiki. Cutarta ɗaya ce: a wurinsu abu bai gamu ba sai an ɗaura masa jan ƙyalle, an taru, an yi jawabi, an yanka. Famfon kasuwa sai da ya yi makonni da ruwa a cikinsa mutane suna wucewa da bokiti, saboda kyamarar Mai Hoto tana wurin gyara. Anti Tela ta saba, sai ta ja tsaki ta ci gaba da taka keke.

Wannan karon tsaki bai isa ba, domin abin a cikin gidanta yake.

Yayanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, direban babbar mota ne har ranar da hatsari ya taɓa masa ƙashin baya, ya koma kan keken guragu. Likita ya ce akwai fatan ya miƙe da sanduna, matuƙar bai yi wasa da zuwa gashin ƙashi a asibiti ba. To amma ƙofar asibitin a saman matakala take. Ranar farko wasu samari suka ɗaga shi da keken, ɗaya ya yi tuntuɓe, Yaya ya zame, riga ta tattare, masu jiran layi suka zuba masa ido. Ya dawo gida ya nemi ruwa ya sha.

"Ni da na yi rayuwata ina ɗaukar kaya," in ji shi, "yau ni ne kayan. Ba zan koma ba."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Sai ta kai maganar gaban ƙungiya, ta hana kowa sakat har aka amince a yi gangaren siminti a gefen matakalar, wanda keke zai hau. 'Yan ƙungiya da kansu suka yi aikin, ita ke ɗebo ruwan kwaɓi. Da ta gaya wa Yaya an gama, sai ya sa aka kawo masa man keken ɗinki ya shafa wa ƙafafun kekensa.

Sai aka ɗaura jan ƙyalle, wanda ita ta yi wa kalmasa da hannunta, aka gitta benci a bakin gangaren. Da farko aka ce Ciyaman ya yi tafiya. Da ya dawo aka ce rigunan ƙungiya sun koɗe, a ɗinka sababbi. Ta ɗinka tana cizon leɓe. Sai kuma aka ce babban baƙo bai sa rana ba. Ana cikin haka ma'aikaciyar jinya ta biyo ta shago ta ce mata, in ba a kawo Yaya ba, ƙafafun za su sandare.

Anti Tela ta rufe shago ta nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, siminti fa ya bushe tun tuni."

"Anti, haƙuri," in ji Ciyaman yana juya kujera. "In mutane suka fara takawa, me za mu buɗe? Zai yi datti a hoto."

"Da ma don hoto muka kwaɓa?"

"Hoton ne ke jawo mana masu taimako, kin sani. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Dutse ya dahu, Ciyaman. Ƙafar Yaya ce ke bushewa."

Ya ce za a duba. Ta san wannan dubawar, tun ana taro a rumfa take jin ta. Ta fito ranta a ɓace, har ta wuce shagonta ba ta sani ba.

Washegari da safe ta ce wa Yaya, "Shirya, yau ake buɗewa." Ta jefa almakashi a jaka.

A bakin asibiti Maigadi ya taso yana sosa ƙeya. "Anti, an ce fa kada kowa ya..."

"Baba, wa ya ɗinka ƙyallen nan?"

"Ke."

"Da almakashin wa ake yankawa?"

"Naki."

"To me ya rage?"

Maigadi ya dubi Yaya, ya dubi matakalar, ya janye benci. Ta datse ƙyallen kamar yadda take datse hannun riga. Babu jawabi, sai wata mai juna biyu da ke jiran layi ta tafa sau biyu. Anti Tela ta kama bayan keken za ta tura.

"Cire hannunki," in ji Yaya.

Ta cire. Ya kama ƙafafun keken ya fara hawa, jijiyoyin wuyansa a tashe. A tsakiya keken ya ɗan yi baya, ta miƙa hannuwa amma ba ta taɓa ba. Ya ja numfashi, ya sake dannawa. Da ya kai sama ya karya kwana ya tsaya daidai bakin ƙofa, gumi na zuba.

"Kwanar nan ta yi tsauri," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Wanda ya zana ta bai taɓa tuƙi ba." Ita kuwa ta goge ido da guntun jan ƙyallen, don shi ke hannunta.

Da la'asar sai ga Ciyaman a shago da ɗaya guntun. Ta gyara zama tana jiran faɗa. Ina! Ya ajiye shi a kan keken ɗinki cikin ladabi.

"Abin da ya faru ya faru, Anti. Ki haɗa mana shi, amma kada ɗinkin ya fito a hoto. Baƙo ya sa ranar Laraba. Ki zo da Yaya, ni zan turo shi da kaina, hoton zai yi kyau."

Ta dube shi har sai da ya gyara hula. Sannan ta zura jan zare, ta haɗa bakin ƙyallen, ta taka keke.

"Ƙyalle kam ga shi, na haɗa," ta ce tana miƙa masa. "Amma Yaya ba a tura shi. Laraba kuma ranar gashinsa ce. In ya iso kuna kan jawabi, ina da wani almakashin a jaka."